Fayil Huɗu a Wayar Darakta

Ranar Litinin da ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka sallami matar Darakta daga asibitin haihuwa, da jaririya mace, da ledar magani, da kati mai ruwan ɗorawa. Kafin su fita, Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta tare su a bakin ƙofa.

"Jininki bai gama sauka ba," ta ce wa mai jegon. "Likita zai duba gwajinki ya sa miki ranar dawowa. Ta waya za a turo saƙon. Ranar da aka sa, kome kike yi ki ajiye ki zo. Hawan jini bayan haihuwa ba abin wasa ba ne."

Ta miƙo takardar bayani mai shafi ɗaya, wadda ke nuna yadda ake sa manhajar asibitin a waya, a haska alamar da ke bayan kati da kyamara, fayil ɗin uwa da na jariri ya buɗe. Darakta ne ya karɓe takardar tun kafin hannun matarsa ya kai.

"Sista, kin zo fannina," ya ce.

"Ka karanta har ƙarshe."

"Mu ne muke karantar da mutane."

Sana'ar Darakta ita ce manna gilashi a fuskar waya da sayar da rigar waya, a kan tebur ƙarƙashin laima kusa da tashar mota. Sunan Darakta shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a allo, kuma tun da kamfanin ba shi da wani ma'aikaci bayan shi, ba a sami mai jayayya ba. Bai taɓa buɗe cikin waya ba. Takardar bayanin kuwa, washegari ya naɗe cajar wani mai saye da ita.

Gidan da suke haya ɗakuna huɗu ne a jere, sai na Gwaggo mai gida a can ƙarshe yana fuskantar su. Daga ƙofar gida, ɗakin farko na Darakta ne, na biyu na tela, na uku na mai kitso wadda mijinta ke aiki a wani gari, na huɗu na direban babbar mota. A cikin kwana goma duka ɗakunan huɗu suka haihu. Matar tela ta sami mace. Mai kitso ta sami tagwaye maza. Matar direba ta sami namiji ƙato, ta hanyar tiyata, rana ɗaya da mai kitso, a asibiti ɗaya. Igiyar shanya ta cika har aka ƙara ta biyu.

Da suka iso gida matar Darakta ta miƙa masa wayarta.

"Sa min abin."

Ya juya wayar gaba da baya. "Wannan ba za ta ɗauka ba. Babu wuri."

"Bidiyoyinka ne suka cika ta. Goge su."

"Kuma hasken waya yana ɓata idon mai jego. Ki huta, Maman Bebi. Duk abin da ya zo ni zan gaya miki."

Ya sa a tasa. Fayil ya buɗe, ga nauyi, ga ranar rigakafi, ga jerin magani. Da yamma ya fito da ƙaramin teburinsu tsakar gida, ya shimfiɗa masa zane, ya ajiye kujera, ya tafa hannu.

"Matan gida, zamanin kati ya wuce. Daga yau nan ne ofis. Kowace ta kawo katinta. Ba bin layi, ba tambayar nas. Nan da wata uku duk unguwar nan a wayata za ta zauna. Asibitin da kansu za su neme ni."

"Su neme ka da me?" in ji Gwaggo daga bakin ƙofarta.

"Da shawara, Gwaggo."

"To. Ni dai na haifi bakwai, kuma na san wanne ne wanne."

Matan sun kawo katunan, don kowace tana da dalilinta. Wayar matar tela ƙarama ce, ba kyamara. Ta mai kitso ta cika da hotunan kitso, ko ɗaya ba za a taɓa ba. Matar direba kuma mijinta ke tafiya da babbar wayarsu. Darakta ya haska katunan bi da bi, bisa jerin ɗakuna daga ƙofar gida. Layi huɗu suka fito a fuskar wayar, ba suna ko ɗaya, sai doguwar lamba a kowane layi, domin asibitin ba ya nuna suna a shafin farko saboda sirri.

"Ta yaya za ka gane tawa?" matar tela ta tambaya.

"Tsari," ya ce, yana buga goshinsa da yatsa. "Layin farko ɗakin farko. Na biyu ke. Na uku mai kitso. Na huɗu matar direba. Mutum mai kai ba ya buƙatar suna."

Teburin yana rawa. Ya haɗa katunan huɗu, ya ninke, ya tura ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.

"Ka ga sun sami aiki," in ji Gwaggo.

A mako na farko duk abin da ya faɗa daidai ne, kuma wannan ya fi kome lalata shi. Ya fara zuwa ofis da biro a aljihu. Ya fara cewa "marasa lafiyana". Kowace safiya matarsa takan tambaye shi, "Saƙon likita ya zo?" shi kuma ya ce, "Da ya zo da kin ji."

A layi na shida na takardar da ya naɗe caja da ita an rubuta abu biyu. Na farko, duk wadda ta je asibiti aka duba ta, fayil ɗinta yana haurawa sama, sauran su sauko. Na biyu, mai son ganin suna ya danna ɗan hoton da ke gefe.

Ranar Litinin ta gaba matar direba ta koma asibiti aka duba ɗinkinta, aka ɗora ƙaton ɗanta a sikeli. Kafin ta sauko daga mota fayil ɗinta ya haura layin farko, kowa ya matsa ƙasa da ɗaki guda.

Da yamma Darakta ya buɗe layin farko, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku zo ku ga aikin kulawa. 'Yata kilo huɗu da ɗigo shida."

Matarsa ta dubi jaririyar da ke hannunta, wadda aka haifa ba ta kai kilo uku ba, kuma har yanzu rigar farko tana mata yawa.

"Wa ya auna ta? Ba ta fita ko ƙofar gida ba."

"Manhajar ce ke lissafawa."

"Da me?"

"Da lissafi."

Gwaggo ta karɓi yarinyar, ta ɗaga ta sama kaɗan, ta sauke. "Kilo biyun suna cikin waya ke nan. Nan ba su iso ba."

"Gwaggo, hannu ba sikeli ba ne."

Ya kira 'yan'uwansa uku ya gaya musu.

Washegari jar alama ta fito a layi na biyu. Ya danna, ya karanta, fuskarsa ta yi irin ta likitan da ke ɗauke da labari. Ya wuce matarsa, wadda ke zaune a bakin ƙofa ta ɗaure kanta da ɗankwali saboda ciwon kai, ya ƙwanƙwasa ɗaki na biyu. Keken ɗinki ya tsaya.

"Tela, ka yi haƙuri. Kira min madam."

Ta fito da cokali a hannu.

"Jininki ya hau. Likita yana son ganinki ranar Alhamis da ƙarfe takwas. An ce kada a fasa."

"Ni? Ni lafiyata ƙalau."

"Haka yake zuwa. Ba kya jin jiri?"

Ta yi tunani. "Yanzu da ka faɗa."

Aka kawo mata kujera. Tela ya kashe keke, ya hana ta ɗaga ko bokiti, ya kwashe gishirin ɗakin ya kai wa Gwaggo ajiya. Matar Darakta ta ji duka daga inda take.

"Baban Bebi, ni aka ce za a turo wa irin wannan saƙon."

"Naki bai zo ba. Ke layin farko ce."

"Ka duba da kyau."

"Ciwo ma sai kin yi kishinsa? Kowa da nasa."

Ranar Alhamis tela ya rufe aikinsa ya raka matarsa. Akawun asibiti ya duba ya ce babu sunanta a cikin waɗanda likita ya kira. Tela ya ce akwai, Darakta ya gani da idonsa. Akawu ya tambayi wane darakta, na wane sashe. Suka zauna sa'a huɗu a kan benci har wata nas ta gaji da ganinsu, ta auna ta, ta auna jaririyar, ta ce su tafi gida, jinin nan ko na ɗan tsere albarka. Kafin su iso, fayil ɗin matar tela ya haura layin farko.

"Sun ce ba ni da kome," ta ce a tsakar gida, tana kwance goyo. "Sun ce ba su kira ni ba."

"Sun warkar da ke ne suna jin kunyar faɗa," in ji Darakta. "Ko kuma ni na warkar da ke da wuri. Rana biyu ba gishiri."

"Riga uku na fasa ɗinkawa," in ji tela.

"Rai ya fi riga."

Ya buɗe layin farko don ya kawar da maganar, sai ya yi murmushi.

"Maman Bebi, albishirinki. An auna jininki yau da ƙarfe ɗaya. Lafiya lau."

Ta buɗe ido ɗaya. Tun safe take kwance, haske yana damunta. "Ƙarfe ɗaya ina nan kan tabarma."

"Wayar tana kwana kusa da kanki. Kina tsammanin barci take yi?"

"To me ya sa kaina yake sarawa, ƙafata ta kumbura?"

"Tunani ne. Ga shi a rubuce."

Ya gangara ƙasa, murmushin ya ragu. "Sai dai Bebi ta sauka. Kilo uku da ɗigo uku."

"Daga huɗu da shida?" in ji Gwaggo. "A kwana uku?"

"Jarirai suna fitar da abin da ba sa buƙata."

"Kilo guda da wani abu? Da mun ji a gidan nan."

Bai kira 'yan'uwansa ba a wannan karon.

Ranar Asabar jar alama ta fito a layi na uku, inda fayil ɗin matarsa ya sauko. Saƙon ya ce an sa mata rana ba ta zo ba, ta zo ranar Litinin ba tare da ɓata lokaci ba. Darakta ya nufi ɗaki na uku. Mai kitso tana zaune a kan turmi, kan wata mata tsakanin gwiwoyinta, tagwaye suna kwance kan tabarma a gefe.

"Yaya, ciwon ya zo kanki. Hawan jini."

"Yawo yake yi ɗaki ɗaki?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"An ce an kira ki kin ƙi zuwa."

"Wa ya kira ni? Ba kai ne mai kiran ba?"

Ya bar wannan. Yana shirin rufewa idonsa ya faɗa kan sashen jarirai. Ya duba, ya dubi tabarma, ya sake dubawa.

"Yaya, yara nawa kika haifa?"

Yanzu ta ɗago. "Ƙirga."

"A nan guda ɗaya aka rubuta."

"To ɗayan baƙo ne. Zo ka ɗauke shi ka ba shi nono, in huta."

Matar da ake wa kitso ta yi dariya har tsagar ta karkace. Darakta ya koma ofis, ya ciro biro, ya rubuta wani abu a tafin hannunsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Direba ya dawo daga tafiya ranar Lahadi da rana. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda ya saba magana a kan ƙarar inji, don haka ko gaisuwarsa ana ji a gida na uku. Bayan ya ci abinci ya zo ofis ya tambayi ranar rigakafin ɗansa. Darakta ya buɗe layi na huɗu, inda fayil ɗin mai kitso ke zaune tun ranar Litinin. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya rage murya yadda kowa zai ji.

"Maigida, wanne daga ciki?"

"Wanne me?"

"Biyu ne a fayil ɗinka. Maza. Tsakaninsu minti goma sha ɗaya."

Direba ya kira matarsa. Ta fito tana dafa ciki.

"Nawa kika haifa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ga shi can yana barci."

"Kin gani da idonki?"

"An yi min allurar barci. Da na farka aka miƙo min shi."

"Ke nan ba ki ƙirga ba."

"Da me zan ƙirga, ina sume?"

Darakta ya miƙe, ya zagaya tebur, hannu a baya. "Ku natsu. Ku bi ni a hankali. Ɗaki na huɗu, fayil ya ce biyu, a ɗaki akwai ɗaya. Ɗaki na uku, fayil ya ce ɗaya, a ɗaki akwai biyu. Rana ɗaya, asibiti ɗaya." Ya tsaya. "Ni ban ce kome ba. Lissafi ne ya ce."

Duk suka juya suka dubi ɗaki na uku. Mai kitso tana tsaye a ƙofa, tsinken tsaga a hannu.

"Wanda ya gaji da idonsa ya matso," ta ce.

"Ni ba faɗa na zo ba," in ji direba, da muryar da ta tada jarirai uku. "Kallo kawai zan yi. Na dama ɗin nan, dubi goshinsa. Goshin babana ne."

"Goshin kowa ne. Duk jariri goshi ne."

"Kunnen fa?"

"Ni na yi naƙuda sa'a goma sha huɗu ido biyu. Na ƙirga su suna fitowa. Kai kana ina? Kana kan titi kana danna oda."

Matar direba ta fara kuka, ba ta san ko na rashin ɗa ba ne ko na ƙarin ɗa. Tela ya shiga tsakani da tef ɗin awo a wuya, ya ba da shawarar a auna kawunan yaran uku a kwatanta. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Wata ta ce ita dama ta lura tagwayen ba sa kama. Wata ta ce kama suke yi har ba a bambancewa, kuma wannan ma abin dubawa ne. Gwaggo ta ɗauko kujerarta ta ajiye a ƙofar mai kitso, ta zauna.

"Ba mai taɓa yaro a gidana. Gobe kowa ya saɓi nasa a tafi asibiti. Kai kuma ka zo da ofishinka."

"Dama abin da nake so ke nan," in ji Darakta. "Gobe asibitin nan zai san wanda ya gano shi."

Ya goge takalmi. Ya gwada jawabinsa a gaban madubi sau biyu, yana farawa da "Ba don ni ba". Matarsa tana kwance, ta rufe fuska da mayafi.

Da safe, ana shirin fita, ta fito a hankali tana bin bango. Ta tsaya gaban teburin, ta sunkuya da ƙyar, ta zare katunan daga ƙarƙashin ƙafarsa. Teburin ya karkata, kwalin gilasan waya da Darakta ya ajiye a kai ya zame ya faɗi ƙasa da wata ƙaramar ƙara mai tsada.

"Maman Bebi! Ina za ki? Ke lafiyarki ƙalau."

"Rakiya," ta ce.

Mota biyu suka cika. A zauren jira na asibitin akwai mata kusan arba'in da jariransu, da akawu a bayan gilashi, da sikeli a kan tebur. Direba ya yi sallama, zauren ya yi tsit. Sista ta fito tana cire safar hannu.

"Wa ke ihu?"

Darakta ya matsa gaba, ya ɗaga waya. "Sista, ba don ni ba, da wani yaro ya girma a ɗakin da ba nasa ba. Ina da hujja. Asibitinku ya ba wa wannan baiwar Allah yaro biyu alhali ɗaya ta haifa, ya ba wa wannan ɗaya alhali biyu ne nata. Ban zo tozarta kowa ba. A gyara, a kuma san wanda ya gano."

Mata arba'in suka ƙara rungume 'ya'yansu. Sista ta miƙa hannu, ya ba ta wayar. Ta dubi layukan huɗu.

"Fayil ɗin mata huɗu a wayar namiji ɗaya. Duk matanka ne?"

"Ɗaya ce tawa. Sauran marasa lafiyana ne."

"Ta yaya kake gane na kowa?"

"Tsari. Layin farko ɗakin farko."

"Ɗakin me?"

"Ɗakin gidanmu. Daga ƙofa."

Sista ta dube shi. Sannan ta danna ɗan hoton da ke gefen layi na huɗu. Suna ya fito. Ta karanta da ƙarfi, mai kitso ta ce, "Na'am."

"Tagwaye maza. Naki ne?"

"Tun jiya nake faɗa."

Ta danna na biyu, matar direba ta amsa. "Namiji ɗaya, kilo huɗu da ɗigo shida," in ji Sista.

"Wannan nauyin 'yata ne," in ji Darakta. "Na da."

"Goshin fa?" in ji direba, muryarsa ta sauko har ta kai ta mutane.

"Malam, goshi ba ya cikin fayil."

Ta danna na farko, matar tela ta ɗaga hannu. Tela ya ce, "Gishirinmu," bai ƙarasa ba. Sista ta danna na uku, ta karanta sunan, ta karanta jajayen saƙonni biyu, fuskarta ta canza.

"Ina wannan?"

"Ga ni," in ji matar Darakta daga kan benci. Ta miƙa katunan huɗu, kowanne da shaidar ƙafar tebur a tsakiya.

Sista ba ta ƙara kallon Darakta ba. Ta jawo abin awo, ta naɗa a hannun matar, ta matsa, ta dubi lambar, ta sake matsawa. Ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba.

"Tun yaushe kanki ke ciwo?"

"Kwana shida."

"Sau biyu likita ya kira ki."

"An ce ni layin farko ce."

"Kawo keken marasa lafiya," Sista ta ce wa wata nas. "Gado na uku. Kira likita yanzu." Sai da aka tura keken ta juyo. "Da ta ƙara kwana biyu a gida, da ba a wannan ƙofar za ka tsaya kana jawabi ba."

"Manhajar ce ke canza layi ba ta sanar da mutum," in ji Darakta. "Ya kamata a rubuta."

"An rubuta. Layi na shida. Ina takardar da na ba ka?"

"Tana hannun wani abokin ciniki."

Wata mata a benci na baya ta fara dariya, ta kasa tsayawa, sauran suka kama. Akawu ya fito daga bayan gilashi don ya ga daraktan da aka yi masa maganarsa ranar Alhamis. Sista ta goge fayilolin huɗu daga wayar ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ta miƙa masa abarsa. Ta ce kowace mace ta bi layi wurin akawu a sa mata nata a wayarta, mai ƙaramar waya a riƙa turo mata saƙo a rubuce. Direba ya zaro babbar wayar ya ba matarsa ba tare da an ce masa ba. Mai kitso ta goge hoton kitso goma sha biyu tana tsaki a kan kowanne.

Matan suka kwantar da jarirai biyar a jere a kan dogon benci, Gwaggo ta zauna gadi. Darakta da kansa ya kwantar da 'yarsa a farkon benci, wajen ƙofa. Yana can yana tambayar akawu ko asibitin na buƙatar mai ba da shawara, wata nas ta ɗauki ɗan direba ta kai sikeli, ta dawo, ta matsa sauran, ta ajiye shi a inda ya fi kusa da hannunta.

Bayan sa'a guda aka ce Darakta zai iya shiga. Matarsa tana gado na uku, an sa mata ruwa a hannu, ɗaya hannun yana riƙe da wayarta. Bidiyoyinsa sun tafi. Fayil ɗinta yana buɗe, da sunanta a sama.

"Kawo in duba miki," ya ce.

Ta kifa wayar a kan ƙirjinta.

"Lambar sirrin fa? Saboda gaggawa."

"Sista ta ce sirri ne."

"Ni mijinki ne."

"Ta ce musamman kai. Je ka ɗauko min 'yata, lokacin nononta ya yi."

Ya fita da sauri, don aiki ne da ba ya buƙatar bayani. Ya je farkon benci, wajen ƙofa, ya ɗauki na farko. Gwaggo ta buɗe baki, ta dube shi, ta rufe. Ya dawo yana jijjiga hannu.

"Kin gani? Na gaya muku ta yi nauyi. Ba wanda ya yarda."

Matarsa ta ɗaga gefen zanen da yatsa biyu, ta duba, ta mayar.

"Kai wa direba ɗansa," ta ce.